Fashin baƙi: Doka tana nan a Bauchi, me ya sa maganar fyaɗe da dukan mata ke mutuwa a zaure?

Duk shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, gidajen rediyon Bauchi kan cika da maganar cin zarafin mata. A yi tattaki, a raba riguna masu ruwan lemo, a karanta jawabai. A majalisar bakin titi kuwa zancen daban ne. Wani ya ce ajandar Turawa ce, so ake a koya wa matanmu ɗaga kai. Wani ya ce ai yanzu ko tsawa ka yi wa iyalinka sai ka kwana a caji ofis. A cikin gida kuma uwa ta ce ita dai duk dokar da za ta sa a ambaci sunan 'yarta a gaban alƙali, ta yafe.

Jihar Bauchi ta samu dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, tun 2020 da Gwamna Bala Mohammed ya sa mata hannu. Gombe ta bi sahu a ƙarshen 2022. In doka ake nema, an samu. To me ya sa har yau idan aka yi wa yarinya fyaɗe a unguwa, maganar ta fi ƙarewa a zauren mai unguwa a kan ta kai kotu? Me dokar ta ce, kuma ina addini ya tsaya?

Ni a ganina inda abin ke lalacewa shi ne mun haɗa abu biyu wuri ɗaya: saɓanin da sulhu ke gyarawa, da laifin da sulhu ke ƙara wa ƙarfi. Dukansu maganinmu ɗaya, “a yi haƙuri, a rufa asiri.”

Me ake kira cin zarafin?

Da yawa in an ce cin zarafin mata, fyaɗe kaɗai ke faɗo musu a rai. Shi ne mafi muni, amma yana da 'yan uwa. Akwai duka. Akwai auren dole. Akwai korar mace daga ɗakinta da tsakar dare da goyo a baya, da hana ta abinci ko kuɗin asibiti alhali akwai halin, da cinye mata jari ko gado. Akwai gori da zagi na kullum har mace ta koma kamar ba ita ba. Akwai kaciyar mata da yankan gishiri da cire angurya, waɗanda har yanzu wasu wanzamai da ungozomomi ke yi da sunan magani. Akwai malamin da ke neman ɗaliba da sharaɗin maki. Sai na zamani, saurayin da ke riƙe da hoton yarinya a waya yana mata barazanar zai sake shi a WhatsApp ko TikTok in ba ta zo ba.

Abin da ya haɗa su duka shi ne mai ƙarfi ya san wadda ke hannunsa ba ta da wurin gudu. Kuma ba mata kaɗai ba ne. Yara maza ma ana lalata su, dokar kuma ta shafe su, ta shafi har magidancin da matarsa ta watsa wa ruwan zafi.

Alƙaluman da ake da su

Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa tun bayan cikarsu 15. Kashi 9 sun ce an taɓa tilasta musu ta fuskar jima'i. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun ce sun fuskanci duka ko tilastawa ko muzgunawa daga miji. Fiye da rabin waɗanda abin ya faru da su, kashi 55, ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba.

A wannan binciken Gombe ce ta fi kowace jiha yawan matan da suka ce an tilasta musu, kashi 45, yayin da Kebbi ba ta kai kashi 1 ba. Kada kowa ya yi saurin yi wa Gombawa dariya. Irin wannan ƙidaya tana auna abu biyu a lokaci guda, yawan abin da ya faru da yawan waɗanda suka yarda su buɗe baki. Ƙaramin adadi na iya zama alamar zaman lafiya, yana kuma iya zama alamar tsoro.

Wani binciken na 2014 kan yara ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci lalata kafin su kai 18. Akasari kuma wanda ya yi ɗin sananne ne gare su.

Abin da doka ta canza

Tsohon kundin hukunta laifuka na Final Kod da Arewa ta gada tun 1960 yana da giɓi babba. A sashe na 282, fyaɗe abu ne da namiji ke yi wa mace ta hanya ɗaya tak. Wanda ya lalata ƙaramar yarinya da yatsa ko wani abu, ko ya lalata yaro namiji, sai dai a nemo masa wani sashen. Sashe na 55 kuma ya ba miji damar “ladabtar” da matarsa muddin al'adarsu ta yarda kuma bai yi mata mummunan rauni ba.

Dokar VAPP ta tarayya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta zo ne don cike wannan giɓi. Sai dai a Abuja kaɗai take aiki, dole kowace jiha ta yi tata. Jihohi sun yi ta jan ƙafa har 2020, shekarar kullen korona, da labaran fyaɗe da kisan 'yan mata suka yi yawa har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan lamarin a watan Yuni. A wannan guguwar Bauchi ta yi tata.

A dokar tarayyar, wadda jihohi suka ɗauki samfuri daga gare ta kowace ta gyara daidai da jama'arta, fyaɗe ya haɗa da duk wata shiga jikin mutum ba da yardarsa ba, da gaɓa ko da wani abu, mace aka yi wa ko namiji. Hukuncinsa ɗaurin rai da rai, kuma ko alƙali zai sassauta wa baligi ba zai yi ƙasa da shekara 12 ba. Waɗanda suka yi taron dangi, shekara 20 ne mafi ƙaranci. Dukan abokin zama na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 3. Haka yasar da iyali babu ci babu sha. Korar abokin zama daga gida da ƙarfi, shekara 2. Kaciyar mata, shekara 4. Kotu na iya sa a biya diyya, tana kuma iya ba da umarnin kariya, wato takardar da ke hana mutum kusantar wadda yake cuta ko yi mata barazana.

Masu cewa doka ce ta kama maza su lura da abu guda: ita wannan doka ta mai da ƙarya da gangan don a jefa wani cikin shari'a laifi mai hukunci. Tsoron sharri tsoro ne na gaskiya, ana yi wa mutane ƙazafi. Amma maganin ƙazafi bincike ne, kuma bincike shi ne ainihin abin da zaman zaure ke hanawa.

Kwana uku na farko

Nan ne ya kamata kowane uba da uwa su fi riƙewa, domin a nan ake yin asarar da ba ta dawowa.

Abin da aka saba yi idan yarinya ta dawo gida tana kuka ko tana ɗingishi shi ne a ja ta bayan gida a wanke ta, a gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, a wanke kayan jikinta, sannan a zauna shawarar wa za a faɗa wa. Uwar da ta yi haka ba mugunta ta yi ba, tausayi ne. Amma ta wanke shaida. Kafin dangi su gama kai-komo tsakanin gidan kawu da gidan mai unguwa, mako ya wuce.

A likitance akwai maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau bayan an sadu da mai ita, amma dole a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Da zarar kwana uku sun wuce, ya daina amfani. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar, kuma da wuri ya fi. Akwai allurar ciwon hanta, da ta sarƙewar haƙora in akwai rauni, da maganin cututtukan sanyi. Rahoton da likita zai rubuta a ranar, lokacin da rauni ke ɗanye, shi ne ginshiƙin shari'a in an je kotu.

Saboda haka asibiti ne farko, kafin mai unguwa, kafin ma caji ofis in hanya ta fi kusa. In zai yiwu kada a yi wanka. Kayan da ke jikinta a naɗe su a takarda, ban da leda, don leda na sa su ruɓe. In kuma an riga an yi wankan, a je duk da haka, magani bai dogara da shaida ba. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na ATBU da Asibitin Ƙwararru, a Katagum akwai babban asibitin tarayya na Azare, sannan manyan asibitocin ƙananan hukumomi da ke ba da maganin ƙanjamau. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ya zo cikin gaggawa bisa kowane dalili.

Me ke faruwa a zaure?

Da a ce baƙo ne ke tare yara a daji, da ba a sha wahalar kai ƙara ba. Amma mai laifin maƙwabci ne, ko mai shagon bakin layi, ko ɗan wan uba, ko mai koyar da yaran karatu, ko mijin uwa. Da magariba sai ga dattawa sun yi sallama. “Abin da ya faru ya riga ya faru. Ƙaddara ce. Yarinyar nan mace ce, gobe aure za ta yi, in magana ta fita wa zai aure ta? Ku dubi zumunci. A bar wa Allah.” A ajiye 'yan kuɗi a ce na magani ne. Wani lokaci ma a yanke shawarar a aura masa ita, a ce an rufa asiri.

Bai kamata a zagi iyayen da suka amince ba tare da an dubi halin da suke ciki ba. Uban yana haya ne a gidan ɗan uwan mai laifin, ko a gonarsa yake ƙwadago. Yana da wasu 'ya'ya mata uku da yake tsoron a ce gidansu ne aka yi abin. Ya taɓa ganin wanda ya kai ƙara ya sayar da akuyarsa a kan zirga-zirga, ƙarshe ya haɗu da wanda ake ƙarar a masallaci an ba da shi beli. Lissafi ya yi, kuma a idonsa lissafin ya fita.

Sai dai a duba waye ya ci ribar. Unguwa ta riga ta ji, domin maganar da dattawa biyar suka zauna a kai ba asiri ba ce. Yarinya ta samu sunan da ake gudu, ba ta samu magani ba, ba ta samu hakkinta ba, kuma kullum za ta wuce ta ƙofar shagonsa in an aike ta. Shi kuwa ya koyi farashin abin da ya yi, ya ga bai fi ƙarfin aljihunsa ba. Asirin da aka rufa nasa ne. Yarinya ta gaba da zai taɓa, iyayenta ba su halarci zaman sulhun ba, ba kuma wanda ya nemi yafiyarsu.

A doka, fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma. Uba ba shi da ikon yafe shi, mai unguwa ba shi da hurumin kashe shi, ɗan sanda ba shi da ikon cewa “ku je ku daidaita.” Dokar tarayya ma ta mai da kawo wa bincike cikas laifi mai zaman kansa. Wannan bai tsaya ga Musulmi ba. A Tafawa Balewa da Bogoro, ko Billiri da Kaltungo a Gombe, zaman da ake yi a gaban fasto da dattawan coci kan ƙare da irin wannan sakamako.

Hanyar kotu da abin da ke korar mutane

Gaskiya ce mai ɗaci, amma hukuma na da nata kason a wannan gudun kotu. Ƙara kan fara daga caji ofis, a miƙa ta sashen binciken manyan laifuka a hedikwata. A kai wanda ake zargi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yanke hukuncin babban laifi, sai dai ta tura shi gidan gyaran hali. Fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, sannan a shigar da ƙara a Babbar Kotu. Kowane mataki wata da watanni. Mutumin Gamawa ko Zaki ko Dambam, kowace tafiya kuɗin mota ne na mutum biyu ko uku, ga barin gona ko kasuwa. Ya zo a ce an ɗage, likitan da ya rubuta rahoto an yi masa canjin wurin aiki, ko ɗan sandan da ya yi bincike ya tafi kwas.

Akwai kuma ƙa'idar da mutane ba su sani ba. A dokar shaida ta 2011, yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa ita kaɗai sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Wace hujja ce za ta ƙarfafa maganar 'yar shekara bakwai? Rahoton likita, kayan jikinta, wanda ya gan ta ta fito daga ɗakin. Wato duk abubuwan da aka wanke ko aka rufe a makon farko. Idan alƙali ya sallami mutum don rashin hujja sai a ce an sayi shari'a. Wani lokaci an saya ɗin. Sau da yawa kuwa tun a bayan gida aka faɗi shari'ar.

Ganin haka wasu ke cewa a tsananta hukunci kawai. Kaduna ta bi wannan hanya a 2020 da dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da 14 fyaɗe. Fushin da ya haifi dokar a fili yake, amma ina da shakku kan amfaninta. Idan mai laifi ƙanen uba ne kuma an san kisa ke jiransa, matsin da dangi za su yi wa uwa ta janye zai ninka. Abin da ke tsorata mai laifi shi ne ya tabbata za a kama shi kuma shari'a za ta kai ƙarshe. Shekara 12 da ake zartarwa cikin wata shida ta fi kisan da ke rubuce a takarda.

Ina addini ya tsaya?

Bauchi na aiki da shari'ar Musulunci tun 2001, kuma mafi yawan rigingimun aure a kotunan shari'a ake yin su. Don haka duk maganar da ta tsallake malamai ba za ta je ko'ina ba.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne wai sai da shaidu huɗu ake kama mai fyaɗe. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina. Bai hana alƙali hukunta mutum da ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace, bisa wasu hujjoji ba, kuma cikin malaman Malikiyya akwai irin su Alƙali Ibnul Arabi da suka sa ƙwace mace da ƙarfi a babin hiraba, wato fashi. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya bayyana cewa wadda aka tilasta babu hukunci a kanta, haddi na kan wanda ya tilasta ta, kuma zai biya ta sadakin irinta.

Ga wani wuri da ya kamata masu cewa a yi shiru su tsaya su yi tunani. A mazhabar Malikiyya, cikin da ya bayyana ga macen da ba ta da aure hujja ce a kanta, sai in akwai alamar tilastawa, kamar ta zo tana jini ko tana neman agaji a lokacin da abin ya faru. Ma'ana fiƙihun da muke bi da kansa yana son a yi magana da wuri. Iyayen da suka rufe bakin 'yarsu, bayan wata huɗu ciki ya fito, sun bar ta da ciki babu hujja, shi kuma ya rantse ya tafi.

A kan duka, masu kare shi kan jawo aya ta 34 a Suratun Nisa'i. Malaman da suka yi sharhinta sun kewaye ta da sharuɗɗa: ban da fuska, ban da rauni, ban da abin da zai bar tabo. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, shi ne kuma ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Wanda ya fasa wa matarsa ido da bel, ko ya haure mai ciki, ba shi da mafaka a ayar. Malikiyya ma sun fi sauran mazhabobi buɗe wa mace ƙofa a nan: in cutarwa ta tabbata, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya kul'i ba, kuma shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta na iya wadatarwa. Mata da yawa ba su san wannan ba, sai su mayar da sadaki don su tsira daga wanda ya kamata ya biya su.

Inda ake da saɓani na gaske biyu ne, kuma ɓoye su ba zai taimaka ba. Na farko, tilastawa tsakanin miji da mata. Tsohon Final Kod ya ce ba fyaɗe ba ne in matar ta balaga, dokar tarayya ta 2015 kuma ba ta ware miji ba. Malamai da yawa ba su yarda a kira shi fyaɗe ba, ko da yake sun yarda cutarwa ce in ya kai ga rauni ko an yi shi lokacin jinin haihuwa ko rashin lafiya. Na biyu, shekarun aure. Masu fafutuka na cewa 18, kamar yadda dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta tanada. Wasu malamai na cewa balaga, suna kafa hujja da ikon ijbari, wato aurar da budurwa ba tare da neman yardarta ba, da Malikiyya suka ba uba. Wannan jayayya na cikin abin da ya sa Bauchi ba ta samu dokar kare yara ba sai 2023. Amma ko a nan akwai wurin haɗuwa. Hadisin Khansa'u bint Khidam, wadda Annabi (SAW) ya warware auren da ubanta ya yi mata ba da sonta ba, yana cikin Bukhari. Ijbari kuma don maslahar yarinya aka ba uba, ba don biyan bashi ba. Bauchi na cikin jihohin da suka fi yawan aurar da 'yan mata kafin 18, kuma duk mai ganin maganar ta 'yan boko ce ya leƙa cibiyar masu yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi ya ga shekarun wasu daga cikin masu jinyar. Doguwar naƙuda ce ke jawo ciwon, ƙugun da bai gama girma ba kuma ya fi shiga haɗarin.

Inda sulhu ke da gurbi

Ba cewa ake a kai kowane yaji kotu ba. Saɓanin cefane, kishi, gori, rashin adalci tsakanin mata, duk waɗannan aikin iyaye ne da waliyyai da limamai da Hisba, kuma aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara yadda za a yi: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Matsalar ita ce namu sulhun kan zama na gefe ɗaya. Mace ta zo gida da kumburarren ido, uba ya ce “koma ɗakinki, aure ibada ne, mu ma haka muka ga iyayenmu sun yi,” tun kafin mijin ya zo biko. A binciken 2018 ɗin nan, kashi 28 na mata da kansu sun ce akwai dalilin da ke halatta wa miji duka, kamar ƙona abinci ko fita ba izini. Mazan da suka ce haka kashi 21 ne. Uwar da ta tashi da wannan tunani ita ce za ta mayar da 'yarta.

Akwai alamun da in sun bayyana, maganar ta wuce biko: shaƙe wuya, ɗaukar wuƙa ko adda, dukan mai ciki, furta “sai na kashe ki,” da dukan da ke ƙaruwa daga mari zuwa karaya, musamman in akwai shaye-shaye. Mayar da mace irin wannan gida ba tare da sharaɗi a rubuce a gaban alƙali ba, kasada ce da ranta.

Kafin abin ya faru

Rigakafi ba shi da armashin tattaki, amma shi ne mai arha. Talla ce babbar ƙofa. Yarinya 'yar tara da farantin gyaɗa ko awara a tasha ko bakin kasuwar Muda Lawal har bayan isha'i, an ce kada ta dawo sai ta sayar, duk wanda ya ce “kawo ciki in saye duka” ya samu hanya. Uwar ba don son ranta take aika ta ba, da kuɗin ake cin abinci, da shi ake tara kayan ɗaki. Hana talla da baki ba zai yi aiki ba in ba a samar wa uwar wata hanyar sayar da kayanta ba. Amma ko a cikin talaucin ana iya sa iyaka: ban da dare, ban da shiga ɗaki ko shago ko kango, a tafi bibbiyu.

Sai makaranta, ta boko da ta allo da Islamiyya: banɗakin mata daban mai ƙofa, malamai mata, da dokar cewa malami ba ya keɓewa da ɗaliba. Sai a koya wa yaro tun yana ƙarami cewa akwai wuraren da ba mai taɓa masa, ko waye, kuma in ya faɗa ba za a doke shi ba. Yara da yawa sun yi shiru ne don sun san bulala za ta fara sauka a kansu.

Masu unguwanni da dagatai su ne ƙofar farko da ake bugawa, don haka umarnin da ya fito daga fadar sarki cewa maganar fyaɗe ba a zauna mata a zaure, a wuce da ita asibiti da hukuma, zai yi tasirin da takardar ma'aikata ba za ta yi ba. Gwamnati kuma nata aikin na kuɗi ne: gwaji da rahoton likita kyauta a kowane babban asibiti, kuɗin motar shaidu, 'yan sanda mata a teburin karɓar ƙorafi, da wurin da mace za ta kwana in ta gudo da dare, domin umarnin kariya ba ya hana ruwa dukan wadda ba ta da ɗaki.

Wanda abin ya same shi yau kuma ba shi da kuɗin lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa duk suna da rassa a Bauchi da Gombe, kuma ba sa karɓar kuɗin aiki daga marasa hali. Ma'aikatar Harkokin Mata na da jami'an jin daɗin jama'a da ke bin irin waɗannan ƙararraki. Mai zuwa ya tafi da katin asibiti da kwafin rahoton likita, ya rubuta sunan ɗan sandan da ke riƙe da fayil da ranar da aka kai ƙara, kada kuma ya miƙa wa kowa asalin takarda sai ya yi mata hoto a waya.